Tasha Uku Sun Ishi Unguwa Idan Da Ladabi

A 'yan shekarun nan akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan ɗalibai, watau kukan cewa intanet ba ya tafiya. An kashe kuɗi mai tsoka an sayi na'urar rarraba intanet, wadda 'yan kasuwa ke kira rauta, an zuba mata kuɗin wata, amma da zarar magariba ta yi kowa ya dawo gida, sai al'amari ya tsaya cik. Ma'aikacin da ke son aika rahoton ofis ya zauna ya yi tagumi gaban kwamfuta, ɗalibin da ke son sauko da lacca ya kwana bai sami rabinta ba. Abin da kan biyo baya sananne ne. A la'anci kamfanin waya, a sake sim, daga bisani a koma kasuwa a nemo wata na'urar mai eriya huɗu ko shida.

Ba a ce kamfanonin waya ba su da nasu laifi ba. Amma fa wani kaso na wannan matsala a cikin gida yake, tsakanin falo da ɗakin kwana, da kuma tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Iskar da na'urorin nan ke magana a cikinta ta kowa da kowa ce, kamar rijiyar unguwa, kuma tana da iyaka. Muddin kowane magidanci yana ganin ƙarin ƙarfi shi ne magani, to, cunkoso zai yi ta ƙaruwa ne, kuɗi kuma su yi ta zurarewa. Maganin da ya fi araha shi ne sanin yadda tashoshin ke aiki, kana a bi ladabin raba su.

Maganar ba ta wasa ba ce. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya. Ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ta intanet suke samun yawancin darussansu. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da ofisoshi, jama'a sun ga yadda falon gida ya koma aji, ya kuma koma ɗakin taro. Ashe ke nan intanet na gida ya shiga sahun kayan aiki, kuma mai aiki da bai san kayan aikinsa ba yana tare da asara.

Tafiya biyu ce

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, saƙon da ya bar waya ko kwamfuta tafiya biyu yake yi. Ta farko daga waya zuwa rauta, ita ce ake kira Wi-Fi, kuma tsawonta bai wuce 'yan mitoci ba. Ta biyu daga rauta zuwa turken kamfani, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, ko kuwa ta igiyar da aka ja zuwa gidan. Ta biyun a hannun kamfani take. Ta farkon kuwa a hannun mai gida take ɗungurungum.

Gane wadda ta lalace ba shi da wuya. A haɗa kwamfuta da rauta da igiya a gwada. Idan aiki ya tafi sumul a kan igiya amma ya yi nauyi a kan Wi-Fi, to, ɓarakar tana cikin gida. Idan ƙaramar na'urar aljihu ce wadda ba ta da wurin sa igiya, sai a tsaya daf da ita a gwada, sa'an nan a koma ɗakin da aka saba zama a sake gwadawa. Idan ko'ina nauyin ɗaya ne, a nan ne kuka ga kamfani ya halatta. Wanda bai yi wannan gwaji ba ya sake sim, ya yi kama da mai ciwon haƙori da ya sayi maganin ido.

Asalin cunkoson

Yawancin na'urorin gida suna magana ne a zangon gigahaz 2.4, wanda ya tashi daga megahaz 2400 zuwa 2483.5. Wannan zango ba don sadarwa aka keɓe shi tun farko ba. A babban taron sadarwa na duniya da aka yi a birnin Atlantik Siti na Amurka a 1947 aka ware waɗansu zanguna domin injunan masana'antu da na kimiyya da na asibiti, cikinsu har da wannan, saboda murhun lantarki mai dafa abinci da igiyar rediyo. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta ba da izini a yi amfani da su wajen aika saƙo ba tare da lasisi ba. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11 a 1997, ta biyo da 802.11b a 1999, wadda ita ce ta kai Wi-Fi cikin gidajen jama'a.

Rashin lasisin nan shi ne alherin abin, shi ne kuma matsalarsa. Gidan rediyo yana da mitar da hukuma ta yanka masa, wanda ya shiga ciki ya yi laifi. A zangon Wi-Fi kuwa babu mai gona, babu mai iyaka. Dattawan da suka yi zamani da rediyo mai gajeren zango sun san yadda tasha kan hau kan tasha da dare har labarai su koma hayaniya. Abin da ke faruwa ke nan a gidajen haya, sai dai kunne ba ya ji.

Lissafin tashoshi

An kasa zangon zuwa tashoshi masu lamba. Tasha ta 1 tana kan megahaz 2412, kuma tsakanin kowace tasha da mai bi mata megahaz 5 ne kacal. A Amurka ana amfani da 1 zuwa 11, a Turai da ƙasashe da dama ana kaiwa 13, ta 14 kuwa Japan ce kaɗai ta yarda da ita. Mai ganin wannan jeri zai zaci akwai hanyoyi goma sha uku, alhali kuwa ba haka ba ne. Rauta idan tana magana tana cin faɗin megahaz 20, watau tana shimfiɗa ƙafa a kan tashoshin da ke dama da hagu da ita.

Lissafin a bayyane yake. Mai tasha ta 1 yana cin daga 2402 zuwa 2422. Mai ta 6 yana cin daga 2427 zuwa 2447. Mai ta 11 yana cin daga 2452 zuwa 2472. Waɗannan uku ba su taɓa juna. Amma wanda ya zaɓi ta 3, yana ganin ya sami wurin da babu kowa, ya kwanta ne daga 2412 zuwa 2432, ya danne rabin ta 1, ya kuma taɓa gefen ta 6. Ya ɓata wa gida biyu, shi ma gida biyu sun ɓata masa.

Akwai masu cewa inda aka yarda da tasha 13 ana iya samun huɗu, watau 1 da 5 da 9 da 13. A takarda gaskiyarsu ne. Sai dai wannan tsari ba ya aiki sai kowa a ginin ya bi shi, kuma waɗansu na'urorin da aka ƙera domin kasuwar Amurka ba su ganin ta 12 da ta 13. A ƙasar da kayan hannu ke shigowa daga ko'ina, tsayawa kan 1 da 6 da 11 ya fi kwanciyar hankali.

Me ya sa haɗa tasha ya fi raɓa ta?

Nan ne mutane da yawa kan yi mamaki. Idan maƙwabci yana kan ta 6, ashe komawa ta 6 tare da shi ya fi zama kan ta 5 ko ta 7. Dalili kuwa shi ne, an gina Wi-Fi a kan ladabin majalisa. Kowace na'ura kan saurara tukuna kafin ta yi magana. Idan ta ji wata na magana sai ta dakata, ta jira ɗan lokaci, kana ta karɓa. Na'urorin da ke tasha ɗaya suna fahimtar juna, saboda haka suna bin layi. Kowa yakan sami rabonsa, ko da rabon ya ragu.

Wanda ke tashar da ta raɓi tasu kuwa ba su fahimtar maganarsa, ƙara kawai suke ji. Misalinsa kamar lasifikar biki ce a bayan katangar majalisa. Ba ta san ana magana ba, ba ta kuma jiran kowa. Saƙo ya fita ya lalace a hanya, a sake aika shi, ya sake lalacewa, sai na'urar ta rage saurinta domin a ji ta. Wannan maimaici shi ne nauyin da mai waya ke gani.

Daga wannan misali wani darasi ya fito. A majalisa mai jan magana shi ke cinye lokacin kowa. Tsohuwar na'ura mai bin ƙa'idar 1999, wadda iyakar saurinta megabit 11 ne a daƙiƙa, tana daɗewa kafin ta gama faɗin abin da sabuwa za ta faɗa nan take. Haka nan wayar da ke can ƙuryar gida inda sigina ya yi rauni. Duk lokacin da take fama, sauran suna tsaye suna jira.

Ruɗin ƙarfi

Ruɗi mafi tsada shi ne na ƙarfi. Mai saye yakan tambayi ɗan kasuwa wadda ta fi kai wa nesa, ya kawo gida ya ƙure mata ƙarfi. Ya manta cewa zance na mutum biyu ne. Ko da rauta ta yi ihu an ji ta a bakin titi, wayar hannu da 'yar ƙaramar eriyarta ba za ta iya mayar da amsa daga can ba. Sai a ga alamar sigina cike amma shafi ya ƙi buɗewa. Abin da ihun ya haifar kawai shi ne shiga ɗakunan maƙwabta uku ko huɗu, ya tilasta wa na'urorinsu jira. Su ma idan suka rama, sai ginin ya koma kasuwar da kowa ke ɗaga murya babu mai jin wani. A gida mai ɗaki biyu ko uku matsakaicin ƙarfi yakan wadatar.

Ɗan'uwan wannan ruɗi shi ne na faɗi. Tun daga ƙa'idar 802.11n ta 2009 ana iya haɗa tasha biyu a sami faɗin megahaz 40, kuma a jikin kwali akan rubuta saurin da wannan ke bayarwa. Amma zangon duka megahaz 83.5 ne. Mai cin 40 ya kwashe kusan rabinsa shi kaɗai. Wanda ke gidan gona, babu maƙwabci kusa, yana iya yin haka. A bene mai gidaje goma sha biyu kuwa haɗama ce wadda mai yin ta ma ba ya amfana. A zangon 2.4 a bar faɗi a kan 20.

Za a ce ai rauta tana da tsarin zaɓar tasha da kanta, me zai sa a wahalar da mai gida? Gaskiya ne na'urori masu tsada sukan riƙa dubawa lokaci lokaci su gyara zamansu. Amma da yawa daga cikin masu araha sau ɗaya suke dubawa, watau lokacin da aka kunna su. A nan ne halin wutar lantarki ya shigo cikin maganar. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na'urorin ginin gaba ɗaya kan farka a lokaci guda. Kowace ta saurara ta ji shiru, domin sauran ba su fara magana ba tukuna, sai ta zauna inda ta ga dama. Ta haka gida biyar kan tare a tasha ɗaya, wata tashar kuwa tana fayau. Daɗin daɗawa, waɗansu kan sauka a kan ta 3 ko ta 8. Saboda haka dogara ga na'ura ido rufe ba dabara ba ce.

Ƙofar da aka bari a rufe

Labudda akwai gine-ginen da tasha uku ba su isa ba ko da an bi ladabi, kamar ɗakunan kwanan ɗalibai inda kusan kowane ɗaki ke da na'urar aljihu ko wayar da ke raba intanet. Mafita a nan ita ce zangon gigahaz 5, wanda Wi-Fi ta shiga tun 1999 kuma sababbin na'urori da yawa ke ɗauke da shi. A waɗansu ƙasashe yana da tashoshi fiye da 20 waɗanda ba su taɓa juna, irin su 36 da 40 da 44 da 48. Tsawon igiyarsa kamar santimita 6 ne, na zangon 2.4 kuwa kamar 12 da rabi, kuma bai kai shi iya ratsa bango ba. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin aibi, alhali a gidan haya alheri ne, domin bangon da ya tare siginar mai gida shi ne kuma ya tare ta maƙwabci.

Abin lura biyu ne. Na ɗaya, tashoshi daga 52 zuwa 140 tare ake amfani da su da na'urorin hangen jirage da na yanayi. Doka ta tilasta wa rauta ta saurara kamar minti ɗaya kafin ta shiga, ta kuma fice da zarar ta ji motsinsu. Mazauna kusa da filin jirgin sama idan suka ga Wi-Fi na yankewa haka kawai, sai su koma 36 zuwa 48. Na biyu, faɗin megahaz 80 yana haɗiye tasha huɗu a lokaci guda. Inda maƙwabta suka yi yawa, 40 ya isa. Akwai kuma zangon gigahaz 6, wanda Amurka ta buɗe wa Wi-Fi a 2020, amma sai rauta da waya duka sun iya shi kafin a amfana.

Tsarin da ya dace shi ne a kai kwamfuta da talabijin da sababbin wayoyi zangon 5, a bar wa zangon 2.4 tsofaffin na'urori da ɗakuna masu nisa. Abin da ba ya motsi kuwa, kamar kwamfutar tebur, igiya ta fi masa. Duk na'urar da aka sauke daga iska ta ba sauran fili.

Abokan gaba na cikin gida

Ba maƙwabci ne kaɗai mai katsalandan ba. Murhun ɗumama abinci na zamani yana aiki a kan megahaz 2450 da ƙarfin wat ɗari bakwai zuwa dubu, rauta kuwa sau da yawa ƙarfinta bai fi kashi ɗaya cikin goma na wat ba. Ɗan abin da ya tsiyayo daga ƙofar murhun ya isa ya rikita tashoshin da ke kusa. Na'urorin Bluetooth suna tsalle a tsakanin tashoshi 79 na wannan zango. A 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa igiyoyi da ma'ajiyan USB 3.0 suna fitar da ƙara a zangon 2.4, saboda haka bai dace a jingina su da rauta ba.

Wurin ajiya ma rabin aiki ne. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta, bangon siminti mai rodi da ginin laka mai kauri suna rage ta ƙwarai. Duk da haka sai a tarar an ɓoye rauta bayan talabijin, ko cikin kabad saboda ƙura da ɓarnar yara, ko a ƙasa kusa da firji. Wurinta shi ne tsakiyar gida, a sama, a sarari. Idan mai sim ce, wadda ke son kusa da taga domin ta jiyo ƙarfen sabis, sai a nemi tagar da ta fi kusa da inda ake zama. Ƙaramar na'urar ƙara nisa da ake sokawa a bango tana karɓa ta maimaita a tasha ɗaya, don haka takan raba sauri biyu. A babban gida, jan igiya zuwa rauta ta biyu a ba ta tasha dabam ya fi.

Aikin rabin sa'a

Gyaran duka bai fi aikin rabin sa'a ba, kuma ba ya cin ko kwabo. Akwai manhajojin duba Wi-Fi na kyauta a wayoyin Android waɗanda ke nuna na'urorin da ke kewaye, da tashar kowace, da ƙarfinta. A yi dubawar da dare lokacin da kowa ke gida, a kuma yi ta a ɗakin da ake aiki. Ana nuna ƙarfi da lamba mai alamar ɗebewa. Mai -50 yana kusa ƙwarai, mai -85 kuwa da kyar ake jin sa. Saboda haka ba yawan sunaye ne abin dubawa ba. Tasha mai maƙwabta huɗu na nesa ta fi mai maƙwabci ɗaya na jikin bango.

Bayan haka sai a duba takardar da ke manne a gindin rauta, inda aka rubuta adireshin shiga, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A shiga sashen Wi-Fi, a zaɓi mafi sauƙin cunkoso cikin 1 da 6 da 11, a sa faɗi 20, a rage ƙarfi idan gidan ƙarami ne, a kunna zangon 5 idan akwai. Tun da an shiga, sai a sake kalmar sirrin da ta zo daga kamfani, a tabbata makullin WPA2 ne ko WPA3, domin ɗan leƙen da ke shan data ta bayan gida shi ma nauyi ne. Bayan 'yan watanni a sake dubawa, tun da maƙwabta na tashi, waɗansu na tarewa.

Nauyin da ke kan kowa

Mutum ɗaya ba ya iya gyara iskar gini shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mazauna gidajen haya da rukunin gidajen gwamnati sun saba zama su raba kuɗin famfo da na mai gadi da na kwashe shara. Babu abin da zai hana a wannan zaman a raba tasha. Gida na farko ya ɗauki 1, na kusa da shi 6, na gaba 11, a sake zagayowa, yadda masu bango ɗaya ba za su haɗu ba. Ƙungiyoyin ɗalibai suna iya yin haka a ɗakunan kwana, kuma ɗaliban sashen kwamfuta da na injiniya sun sami aikin gayya da zai nuna amfanin karatunsu.

Masu sayar da na'urori da masu haɗa su suna da babban kaso na alhakin. Wanda ya karɓi kuɗin haɗawa ya tafi bai duba tasha ba, bai gama aikinsa ba. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1992, tana da aikin wayar da kan masu amfani da sadarwa, kuma wannan darasi ya cancanci shiga cikin abin da take yaɗawa, da harsunan da jama'a ke ji, a rediyo da jaridu. Su kansu kamfanonin waya riba ce gare su su sa 'yar takardar bayani cikin kowane kwali, domin wani ɓangare na zagin da suke sha ba nasu ba ne.

Albashin ma'aikaci da guzurin ɗalibi ba su kai a riƙa zubar da su wajen sayen eriya a kan eriya ba. Kafin a sake nufar kasuwa, ya kamata a gwada igiya, a duba tasha, a sauko da murya, kana a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci a yi shawara. Haƙƙin maƙwabtaka da aka sani a kan katanga da magudanar ruwa, yau ya kai ga iskar da ke tsakanin ɗakuna.